Gaɓa Huɗu A Tankin Gobara

Merv ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa tankin daga can sama, iyakar inda tsawonsa ya kai, sannan ya juyo yana kallon bakin matarsa.

"Yaya?"

"Cike yake," in ji Coral.

"Me kika ce?"

"Na ce cike yake!"

Ya sauko gaɓa uku ya sake bugawa. Tankin ya amsa da ƙarar garwar da ba komai a cikinta, ƙwal, ƙwal, har karyarsu Peg ta ɗaga kunne. Merv dai bai ji ba. Shekara arba'in a kan tarakta da injin askin tumaki sun cinye masa kunnuwa, abin saƙalawa a kunne da asibiti suka ba shi kuwa yana cikin durowa tun bara waccan, wai fito yake yi masa a ka.

"Nan fa?"

"Ruwa ne, Merv. Duk ruwa ne."

Ya gyaɗa kai, ya goge hannu a wando, ya nufi rumfar injin jan ruwa yana 'yar waƙarsa. Coral ta tsaya a wurin, bakinta duk ɗaci.

A wajenmu ba a auna tanki da sanda. Ƙwanƙwasa shi ake yi gaɓa-gaɓa, a bi tudun kwanon daga sama zuwa ƙasa, inda ƙarar ta mutu ta koma dum, to nan ruwa ya tsaya. Tun da kunnen Merv ya tafi suka raba aikin, shi bugu, ita saurare. Ba ma a tanki kaɗai ba. A coci, a gaban likita, a wajen jana'iza, da zarar an yi magana za ka ga ya karkato da kai wajenta: "Me ya ce?" Ba ya tambayar kowa sai ita, don Merv Tregenza ba ya son a ga gazawarsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk abin da duniya ta faɗa masa ta bakin Coral ya biyo.

Gaɓa ashirin da huɗu ne a jikin tankin nan. Jiya da yamma, da Merv ya shiga wanka, ta lallaɓo ita kaɗai ta buga. Ruwan yana gaɓa ta huɗu daga ƙasa.

Kuma ba tankin gida ba ne, wanda ake sha da wanka. Tankin gobara ne, wanda kowane gida a Layin Rafi yake ajiyewa cike don ranar da wutar daji ta taso. Ba a taɓa shi. Ko tumaki na kukan ƙishi ba a taɓa shi, sai dai a sayar da tumakin. Ga shi yau tun asuba rediyo ke maimaita abu ɗaya: zafi zai kai arba'in da huɗu, iskar arewa za ta taso da ƙarfi, duk wanda zai bar gida ya bari da wuri.

Ni dai ba zan ce Coral muguwa ba ce. Mai tattali ce, irin tattalin da har haushi yake ba mutane. Akwai bokiti a ƙarƙashin shawa, akwai agogon minti uku na ƙayyade wanka a jikin bango. Ruwan injin wanki na zuwa gindin lemun tsami, ruwan wanke-wanke na zuwa masai. Ba soket ɗin da ke kwana a kunne sai na firij. Na'urar sanyaya ɗaki da 'yarsu Renae ta saya musu daga Melbourne tana nan lulluɓe da tsohon zanen gado, su kuma suna fama da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Gari sau ɗaya a mako ake zuwa, saboda mai. Merv kan ce a gidansa ko gumi ka yi sai Coral ta tare shi a kofi. Da alfahari yake faɗa.

Abin da ta fi ji da shi kuwa, shekara arba'in da ɗaya da aure, tankar ruwan Gino ba ta taɓa tsayawa a ƙofarta ba. Shuɗiyar mota ce mai ƙarar tsiya, in ta shigo Layin Rafi kowa sai ya leƙo ta taga ya ga gidan wa za ta juya. Dala ɗari huɗu ne cikinta. A kan fansho kuɗi ne, ba musu, amma mu faɗi gaskiya, da an matsa da an samu. Sunan ne ba ta iya saki ba: matar da ba ta taɓa sayen ruwa ba.

A watan Nuwamba tankin gida ya sauka gaɓa uku, sama kuwa fes, ko alamar hadari. Ranar wata Alhamis, Merv ya tafi kasuwar tumaki yadda ya saba, ta jawo doguwar mesa daga tankin gobara, wanda ke kan ɗan tudu bayan rumfar askin tumaki, ta zura ta cikin na gida. Ko inji ba ta tayar ba, ruwan da kansa ya gangaro. Gaɓa biyu kawai, ta ce wa kanta, ruwan sama zai mayar. Ruwan sama bai zo ba. Alhamis kuwa ba ta fasa zuwa ba.

Sai ga abin da ya ƙara ɗaure ta. A watan Janairu, lokacin tsananin zafi a wajenmu, matan coci suka roƙe ta ta yi wa jama'a bayani a ɗakin taron garin Yallamba, yadda ta sa tanki ɗaya ya kai gida har tsakiyar bazara a irin wannan fari. Ta je, ta yi, aka tafa mata. Daga ranar ko barcin kirki ba ta ƙara yi ba.

Da ta ga Merv ya sunkuya a kan injinsa, sai ta zaga bayan akurkin kaji ta ciro waya.

"Gino, Coral ce. Coral Tregenza."

"A'a! Yau kuma wace rana? Kuskuren lamba kika yi ko?"

"Ruwa nake so. Tanka ɗaya. Yau ɗin nan."

"Ke? Tsaya in nemi kujera tukuna, kada in faɗi." Ya yi dariya har da tari, sannan ya gane ba wasa take ba. "Ayya, Coral. Yau ko uwata ce ta taso daga kabari ta ce in kawo mata ruwa, sai dai ta yi haƙuri. Motocina biyu duka suna wajen 'yan kwana-kwana tun da asuba. Sai Litinin. Na gidan ne ya ƙare?"

"Eh," ta ce. "Na gidan."

Ƙarya ta biyu ke nan kafin ƙarfe takwas.

Wajen sha ɗaya wayoyinsu suka yi kuka tare da saƙon gargaɗi. Wuta ta tashi a gandun dajin da ke arewa, kilomita talatin daga gare su. Daga baranda ana hango hayaƙin, fari daga sama, ƙasansa launin ƙasa. Merv ya riga ya sa rigar ulu mai dogon hannu da takalman aiki. Ya toshe bakin indararo da ƙwallayen tanis, ya cika su da ruwa, ya jera bokitai da tsummokara a baranda. Sannan ya ja igiyar injin. Bugu ɗaya ya tashi, famfunan da ya kafa a kan rufin suka fara feshi, ruwa na zuba ta ko'ina sai ka ce damina.

"Kashe!" Coral ta daka masa tsawa. "Kashe, ya isa!"

Ya kashe yana dariya. "Ji ta! Lita dubu ashirin da biyu a tanki, tana kukan bokiti biyu. Kai, tsohuwa, ke dai ba a canza ki."

"Merv, mu tafi tare."

"Me?"

"Mu tafi tare, na ce! Ka bar gidan!"

"Mun gama wannan magana tun shekaru nawa? Ke da Peg da akwatin takardu ku tafi ɗakin taro, ni in tsaya. Sa'a biyu nake buƙata, wutar ta zo ta wuce. Tankin nan yana ba ni sa'a biyu da rabi, na auna da agogo. Ubana ne ya kafa gidan nan da hannunsa, ba zan bar shi ga tartsatsi ba."

Ta yi lissafin a ranta ba da son ta ba. Gaɓa huɗu minti ashirin ne da ɗan wani abu. Daga nan injin zai fara zuƙar iska, shi kuma yana tsakiyar fili, ga itatuwan turare kewaye da gidan, ba hanyar fita.

Ta buɗe baki. Na rantse ta buɗe. Sai ya ɗora mata akwatin a bayan mota, ya dafa kafaɗarta da hannunsa mai kaushi.

"Kin san me na gaya musu a mashaya ranar Alhamis? Na ce rabin gidajen layin nan sun taɓa tankin gobararsu bana, su dai ba za su faɗa ba. Ni kuwa barci nake da minshari, don na san wadda na aura."

To, faɗa mini, ta ina za ta fara? Ta haɗiye maganar, ta shiga mota.

Kilomita goma sha biyu ne zuwa Yallamba, kuma duk tsawon hanyar tana rarrashin kanta. Wuta nawa ta tashi a gandun nan ba ta iso Layin Rafi ba? Iskar ma gabas take ɗan karkata. Litinin Gino zai zo, ta san yadda za ta aiki Merv gari, a cika tankin, magana ta mutu. Peg na zaune a kujerar gefe tana haki tana kallonta, har sai da ta ce wa karyar, "Ke kuma me kike kallo?"

Ɗakin taron ya cika da tsofaffi da kwandunan kyanwa da yara masu kuka. A dogon teburin da ke kusa da kicin mata na shafa wa burodi man shanu, suna naɗe shi da nama don 'yan kwana-kwana. Dulcie Pohlner, maƙwabciyarsu kuma ƙawarta tun firamare, ta miƙo mata wuƙa tun kafin ta ajiye jaka.

"Zo nan, sarauniyar tattali. Amma don Allah ki shafa da kauri, yau ba ranar tsumi ba ce. Maza ne za su ci, ba kaji ba."

Matan suka kwashe da dariya. Coral ta ɗaga kai, sai ga ta ido da ido da kanta. Takardar nan tana nan a jikin bango inda aka manna ta tun Janairu, da hotonta riƙe da bokiti tana murmushi, an rubuta da manyan baƙaƙe: DABARU GOMA NA CORAL. Ta bi su da ido, bokiti, agogo, lemun tsami. Duk gaskiya ne, duk tana yi. Ta goma sha ɗayan ce kawai ba a rubuta ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi Warwick, shugaban 'yan kwana-kwanan garin, ya shigo fuskarsa baƙi ƙirin da toka. Ya shanye gora guda ta ruwa a tsaye, sannan ya je gaban taswira ya ɗora yatsa.

"Ku saurara. Iskar za ta juya wajen ƙarfe uku, ta dawo daga yamma. In ta juya, duk wannan gefen mai tsawon kilomita tara shi zai zama gaban wutar, kuma nan zai nufo." Yatsan ya zame ya tsaya a kan Layin Rafi. "Motocina duka suna arewa, ba ni da wadda zan tura. Wa ya rage a can?"

"Merv," in ji wani.

"Merv ba ni da damuwa a kansa. Filinsa a share yake, injinsa ya fi nawa lafiya. Tankinsa fa, Coral?"

Dulcie ce ta amsa mata. "Haba, Warwick! Gidan Coral kake tambaya? Ai ko teku ta ƙafe, gidan nan da ruwa."

Warwick ya yi murmushi, ya juya ga wata magana.

Coral ta ajiye wuƙar. Ta fita waje ta kira wayar Merv. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake, ta sake. Ta san inda wayar take, tana kan teburin kicin kusa da gwangwanin shayi, kuma ko a aljihunsa take ba ji zai yi ba. Tana tsaye sai wani abu ya sauko a hankali ya faɗa mata a hannu. Ganyen itacen turare ne, ƙonanne, da sauran ɗuminsa.

Ba ta koma ciki ta ɗauki jakarta ba. Ta bar Peg a ɗaure a gindin tebur, ta tayar da mota.

A mararraba 'yan sanda sun riga sun gitta mota sun tare babbar hanya. Ba ta ko rage gudu don ta roƙe su ba, ta karya hagu ta shiga burtalin da ya ratsa gonakin su Dulcie. Ƙofofi uku ne a burtalin nan. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta wuce, ba ta rufe ko guda ba, abin da tun tana yarinya ba ta taɓa yi ba. Rana ta koma ja kamar gwaiduwar ƙwai, ƙarfe biyu da rabi amma sai da ta kunna fitila. Iska na dukan motar tana neman ture ta. Ita kuwa abu ɗaya take ta faɗa a fili: "Ya Allah, ni ce. Ni na yi, ba shi ba."

Ta same shi a kan tsani yana ƙara ruwa a indararo, ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da ya ga motar ya sauko a fusace.

"Me ya dawo da ke? Kin haukace ne? Juya! Juya yanzu!"

"Merv, ba ruwa."

"Me?"

Wata uku tana tsara yadda za ta faɗa masa. A ranta kullum da yamma ne, a kan tebur, da shayi a gabansu, murya ƙasa-ƙasa. Ashe da ihu za ta faɗa, a tsakiyar fili, cikin rugugin iska.

"Ba ruwa a tankin! Na kwashe!"

"Na gidan? Bar shi, ba shi nake buƙata ba!"

Sai ta kama hannunsa ta ja shi. Ya biyo ta yana faɗa, har bayan rumfar aski. Ta buɗe tafin hannunsa ta manna shi a jikin tankin, daidai kafaɗarsa. Ya fizge, don kwanon ya yi zafi kamar kaskon suya. Ya dube ta. Sannan da kansa ya mayar da hannun, ya fara jan sa ƙasa a hankali. Zafi. Daidai ƙirjinsa, zafi. Daidai ƙugunsa, zafi. Ya durƙusa. Sai da hannun ya kai ƙasa da gwiwarsa ya tsaya, inda kwanon ya yi sanyi.

Wannan dabarar ma kowa ya san ta, shi ma ya sani. Bai taɓa ganin dalilin gwadawa ba ne kawai.

Ya ƙirga da yatsa daga ƙasa. "Huɗu," ya ce.

Ta gyaɗa kai.

"Yoyo yake?"

Kai, Merv! Har a lokacin ƙofa yake buɗe mata ta fita. Da ta ce eh, da shi ke nan.

"A'a! Ni ce! Da mesa, ranar Alhamis in ka tafi kasuwa!"

"Tun yaushe?"

"Nuwamba!"

Ya daɗe a durƙushe yana kallon leɓɓanta, yadda yake yi in yana son ya tabbatar ya gane.

"Duk Lahadin nan da nake bugawa," ya ce.

"Eh."

"Da yau da safe."

"Eh."

Ta so ya zage ta. Da ya ɗaga murya, da ya jefar da hula, da ta samu sauƙi. Bai yi ba. Ya dafa tankin ya miƙe, ya je ya buɗe wa 'yan tumakinsu ƙofar filin da aka nome, ya rufe ƙofar gida, ya tsaya ya kalli gidan na ɗan lokaci. Sannan ya buɗe motarta ya zauna a inda Peg ta zauna ɗazu.

Sun wuce ƙofa ta biyu a burtalin iskar ta juya. Coral ta ga abin a madubi, tudun bayan gidansu ya kama da wuta gaba ɗaya, tartsatsi na tashi yana faɗowa gabansu. Ta taka mota iya ƙarfinta. Duk tsawon hanyar magana ɗaya Merv ya yi, yana kallon gaba.

"Kin bar ƙofofin Pohlner a buɗe."

Da suka shiga ɗakin taro sai duk idanu suka dawo kansu. Kowa ya san Merv Tregenza ba ya barin gida. Wuta biyu ya tsaya wa a rayuwarsa, kuma labarinsu ya ishi kowa a mashaya. Tsofaffin da ke zaune bakin ƙofa suka kewaye shi, suna magana da ƙarfi don ya ji.

"Merv! Lafiya? Kai da ka ce sai dai a fitar da gawarka?"

Coral na bayansa. Ta ja numfashi, ta matso gaba. Ta riga ta faɗa sau ɗaya yau, na biyun ba zai kashe ta ba.

"Injin ne," in ji Merv, da babbar muryarsa ta kurame, har matan kicin suka ji. "Ya ƙi tashi. Na ja, na ja, ko tari bai yi ba."

"Injinka? Wanda kake shafa wa mai kamar jariri?"

"Wanda ka ce in an binne ka a binne ku tare?"

"Ashe dai baki ne kawai! Da ka ba Coral ta kula da shi, da yanzu yana aiki, kuma da rabin man!"

Aka yi dariya, irin dariyar da mutane ke yi don kada su yi kuka. Merv ya ɗan murmusa, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Injin nan duk ranar ɗaya ga wata sai ya kwance shi ya wanke, shi ne abu na ƙarshe da ya rage masa na taƙama a gaban maza. Coral ta taɓa hannun rigarsa.

"Merv, bari in..."

"Na ce injin ne," ya faɗa, bai dube ta ba.

Dulcie ta rungume ta. "Ke kuma kika bi ta cikin wuta kika ɗauko shi! Ya aka yi kika sani? Kai, aure ke nan. Zauna, zauna." Ta zaunar da ita a kujera, daidai ƙarƙashin takardar nan ta bango, ta kawo mata shayi da sukari cokali uku. Coral ta riƙe kofin har ya huce. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa sani ba, don ƙaryarta ɗazu tata ce ita kaɗai, yanzu kuwa ta sa mutumin da bai iya ƙarya ba ya yi ta a gaban garinsu.

Merv ya zauna kusa da ita, Peg ta kwanta a kan takalmansa. Dulcie ta ja kujera ta zauna a ɗaya gefensa. Haka suka yi ta jira. Renae ta kira sau huɗu daga Melbourne. Aka kawo wani da ya ƙone a hannu, aka fita da shi. Wani jirgi ya yi ta wucewa ƙasa-ƙasa yana girgiza tagogi.

Wajen ƙarfe shida, rana ba ta faɗi ba tukuna, Warwick ya dawo da takarda a hannu. Muryarsa ta dishe, da ƙyar ake jin sa. Kowa ya miƙe. Ya fara da hanyar gandu, gida biyu sun tafi. Wata mata ta fashe da kuka aka riƙe ta. Sannan ya juya takardar.

"Layin Rafi. Gidan Pohlner, rumbun ciyawa da shinge sun ƙone, gidan yana nan. Gidan Tregenza," ya ɗago ya nemo su da ido, "jirgi ya samu ya zuba masa ruwa sau biyu. Rumfar aski ta tafi. Gidan yana tsaye, Merv. Ko baranda bai taɓu ba."

Coral ta juya wajen Merv. Ta kama hannunsa da hannu biyu, ta kawo fuskarta daidai tasa yadda zai ga bakinta, hawaye na zuba.

"Gidan yana nan, Merv! Bai ƙone ba! Yana tsaye!"

Ya kalli leɓɓanta har ta gama. Bai janye hannunsa ba. Sannan ya karkata da kai ɗaya gefen, wajen Dulcie.

"Me ya ce?"